Kafin Ki Danna "Tura": Daftari, Bita da Ajiyar Shafuka

Ƙarfe goma na dare. Kin gama buga shafi na 27 a waya, babban yatsa ya ƙage, caji saura kaɗan, 'yan guruf ɗin da ke bin labarinki kuma sun fara: "Hajiya, yau shiru ne?" Sai ki danna tura. Gari na wayewa wata ta jefo tambaya: "Wai ba a shafi na 6 kika ce mahaifin Zulai ya rasu ba? To wa ya sa mata albarka jiya a wajen kai amarya?"

Da "ki" nake magana saboda mata sun fi yawa a wannan fage na rubuta labari a waya ana sakinsa shafi-shafi, amma maza ma ku matso, ciwon ɗaya ne.

Abin da ya faru a nan ba rashin basira ba ne. Daftarin farko ne ya fita kasuwa ko wanka bai yi ba. A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, labari kan fara ne a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya je wurin mai taifin, a dawo da shi a duba, sannan ya tafi maɗaba'a. Kowace tasha ido ne. Ko gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta fito da su Abubakar Imam, rubuce-rubucen sai da suka bi ta hannun edita kafin a buga. Yau tsakaninki da mai karatu maɓalli ɗaya ne, don haka ke za ki gina wa kanki tashoshin.

Tasha ta farko ita ce daftari, kuma a nan ba a gyara. Ki rubuta kawai. Sunan unguwa ya ɓace miki? Ki sa alama ki wuce. Masu tsayawa goge sakin layin farko sau ashirin su ne masu labari bakwai a waya, kowanne ya maƙale a babi na uku. Abu ɗaya dai nake roƙo kafin ki fara: ki san inda labarin zai sauka, ko da a jimla biyu ce. Wanda bai san ƙarshe ba shi ke jawo hatsarin mota ko aljani a shafi na 60 don ya samu mafita.

Ki kuma ware ɗan littafi na taurari: wane ne ɗan wane, shekarunsa nawa, yaushe aka yi auren, wa ya mutu. Da shi ne mahaifin Zulai zai ci gaba da kwanciya a kabarinsa.

Sai maganar yawan aiki. Kada ki jira ilhama, ba ta da alƙawari. Kalmomi 300 a rana, bayan sallar asuba ko bayan yara sun yi barci, sun zama 9,000 a wata, 54,000 a wata shida. Littafi ke nan. Ki tsaya a inda kika san abin da zai biyo baya, gobe ba sai kin yi ta kallon farin shafi ba. Kuma don Allah ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel ko ki ajiye a Google Docs. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Yanzu ga inda aikin yake: bita. Ki bar rubutun ya kwana, mako guda in da hali, sannan ki karanta shi da ƙarfi, da bakinki. Hausa harshen kunne ce. Duk inda numfashi ya ƙare miki kafin aya, jimlar ta yi tsawo. Duk inda tsohuwar ƙauye ta yi magana kamar mai karanta labaran rediyo, kunnenki zai gaya miki.

Daga nan ki ɗauko almakashi. Gaisuwa ce farkon abin yanka. Mu mutanen gaisuwa ne, na sani, amma "ina kwana, lafiya lau, ya gajiya, ya yara" har rabin shafi ba ta motsa labari. Sai fa idan gaisuwar tana ɗauke da wani abu, kamar uwar miji ta amsa da "lafiya" ɗaya tak ta kau da kai. Wannan kam ki bar ta, ta fi shafi guda na bayanin cewa ba ta son surukarta. Haka jerin kayan ɗaki, da launin leshi, da sunan turare. Ɗaya ya isa, in ya nuna mana halin mai shi. Mai son koyon yanka ta gwada gajeren labari irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, inda aka saba neman kalmomi 1,000 zuwa 1,500. A wannan ƙuncin, kowace jimla sai ta biya kuɗin haya.

Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe, bayan labari ya zauna. "Ta ce" daban, "tace" daban. Ɗaya magana ce, ɗaya aikin rariya. "Fada" gidan sarki ne, "faɗa" kuwa dambe. Gboard, manhajar allon rubutu ta Google a waya, yana da allon Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ, saka shi minti biyu ne. Sannan ki ba mutum ɗaya ya karanta, wanda ba ya jin nauyinki. Tambayar da za ki yi masa ba "ya yi daɗi?" ba ce. Ki ce, "A ina ka fara jin barci?"

To, 'yan guruf fa, da ke jiran shafi kullum? Kada ki saki na farko sai kina da goma a ajiye waɗanda suka sha bita. Yau ki tura na 1 kina rubuta na 11. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, ko biki ya taso, ko wuta ta kwana uku ba ta zo ba, rumbu kawai za ki buɗe ki ɗauko na gaba.