Na shiga ƙarƙashin jirgin fataken shayi a Landan

Jama'a, assalamu alaikum. Yau ina Girinic, bakin kogin Thames, kuma ku yi haƙuri da ƙarar iska, tun safe take kaɗa ni. Ku ɗaga kai ku ga abin da ke samana. Wannan jan ƙarfen mai sheƙi ba rufin gini ba ne, cikin jirgi ne. An ɗaga shi sama mita 3 don mutum ya bi ta ƙarƙashinsa. Sunansa Cutty Sark.

An ƙera shi a Dumbarton ta Sikotland, aka sa shi a ruwa ranar 22 ga Nuwamba, 1869, don aiki guda: ya ɗauko sabon ganyen shayi daga Sin ya riga kowa isowa Landan, domin wanda ya fara sauke kaya shi ke cin kasuwa. To ga rashin sa'a: kwana biyar kafin nan aka buɗe mashigin Suez. Jirage masu inji suka samu yanke. Shi kuwa da iska yake tafiya, iskar Bahar Maliya ba ta yi masa, dole sai ya zagaye Afirka ta ƙasa. An ɗinka riga, an fasa biki.

Duk da haka ya yi sawu takwas na shayi. A 1872 yana tsere da wani jirgi, Thermopylae, har ya ba shi rata mai yawa, sai guguwa ta ɓalle katakon da ke juya akalarsa. A tsakiyar teku kafinta da maƙeri suka haɗa wani, jirgi na tangal-tangal, wuta na zubewa. Mako guda kacal aka riga su isa. Ni wallahi wannan ya fi burge ni a kan duk nasarorinsa.

Bari mu hau sama. Kun ga ɗan gadon nan? Ko ƙafa ba zan iya miƙewa sosai ba, amma mutum ya yi wata uku yana kwana a ciki, kayansa a jiƙe.

Da shayi ya kuɓuce, sai ya koma ɗaukar duk abin da ya samu, har kwal. Daga 1883 ya kama dakon gashin tumaki daga Ostireliya, kuma can ya yi suna: a hannun Kyaftin Woodget ya taɓa zuwa daga Sidni cikin kwana 73. A 1895 aka sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal, suka sa masa Ferreira, ya riƙa zirga-zirga har Angola da Mozambik da Barazil.

Tun 1954 yake zaune a nan. Gobara ma ta taɓa shi a 2007, aka gyara, aka sake buɗewa a 2012.

Yatsuna sun ƙage. Akwai wurin shan shayi can ƙarƙashin jirgin, bari in koma in ga ko nasu zai kai na mai shayin unguwarmu kauri.