Gas ɗin esi ba ya ƙarewa: abin da za ku duba kafin ku kira mai gyara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ƙarfe biyu na rana, watan Afrilu, a Kano. Zafi ya haura digiri 40, kwanon rufi ya ɗauki rana kamar kaskon suya. An kawo wuta, kun rufe ƙofa da taga, kun kunna esi. Minti goma, minti ashirin, iska na fitowa amma gumi bai tsaya ba. Nan take sai wani a cikin gida ya ce, ai gas ne ya ƙare, a kira mai gyara ya ƙara.

Saboda wannan maganar na shirya bidiyon yau, don ni kaina ta ci mini kuɗi ba kaɗan ba. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa. Ba fetur ba ne da inji ke sha, ba kuma gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Sau da yawa ma bai ragu ba ko kaɗan, matsalar tana wani wurin daban.

Ku tuna randar gidanmu. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatur da kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Esi ma ɗan gidan randa ne. A cikin wannan bututun jan ƙarfe akwai wani sinadari da ke shigowa ɗaki yana ruwa, ya sha zafin ɗakin ya zama tururi. Kwamfiresa da ke cikin akwatin waje ya zuƙo shi ya matse, fanka ta hure zafin, ya koma ruwa, ya sake shigowa. Haka yake ta zagaye. Ruwan randa tafiya yake yi, dole a ƙara. Na esi kuwa a kulle yake, ba shi da ƙofar fita. Ku je ku tsaya gaban akwatin waje lokacin da yake aiki, za ku ji iska mai zafi na dukan fuskarku. Zafin ɗakinku ne aka kwaso aka zubar a nan.

Tun da aikin kwasar zafi ne, kuma iska ce ke ɗaukar kayan, duk abin da ya tare iska, ciki ko waje, ya tare sanyi.

Amma mu fara da rimot, don ba ya cin ko sisi. Yara na wasa da shi, baƙo na dannawa. Ku duba alamar da ke fuskarsa. Mai kama da tauraron ƙanƙara ita ce ta sanyi. In ɗigon ruwa kuka gani, yana busar da danshi ne kawai. In fanka ce, kwamfiresa ba zai tashi ba sam, fanka kuka kunna mai tsada. Kuma saukar da lamba zuwa 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da wuri. A esi na gargajiya gudun kwamfiresa ɗaya ne, lambar tana faɗa masa lokacin da zai huta ne kawai. Ku bar shi a 24 ko 25, ku kunna fankar sama a hankali ta raba sanyin.

Yanzu ku kashe daga bango, ku ɗaga murfin gaba da hannu biyu. Ga raga nan guda biyu, wadda masu gyara ke kira filta. Ku dubi wannan da na zaro. Asalinta fara ce, ana hango hannu ta cikinta. Yanzu ta koma ja, ƙura ta yi mata kauri kamar bargo, in na goga yatsa sai ta naɗo kamar auduga. Wannan tarin hunturu guda ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba wanda ya kunna esin, amma hazo bai daina shiga ɗaki ba, sai bazara ta zo aka kunna shi a haka.

Littattafan da ke zuwa da esi yawanci cewa suke a wanke raga duk mako biyu. A ƙasarmu, musamman gidan da ke bakin titin da ba kwalta, ni duk mako nake ba da shawara. A kakkaɓe, a wanke da ruwan famfo da ɗan sabulu, a shanya a inuwa. Kada a sa ruwan zafi, kada a bar ta a rana, roba ce, lanƙwashewa take yi. Ta bushe sarai kafin a mayar.

Ga abin da ke ruɗa mutane. Idan raga ta toshe, iskar ɗaki ba ta isa ga waɗannan siraran ƙarafa da ke bayanta, sai sanyi ya taru a kansu har su yi ƙanƙara. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya. Mutum ya buɗe ya ga ƙanƙara fari fat, ɗaki kuma da zafi, ya rasa gane kan abin. In kun ga haka, ku kashe sanyin, ku bar fanka kaɗai ta yi ta juyawa har ta narke. Don Allah kada a sa wuƙa ko cokali a ɓamɓare. Bututun da ke ciki siriri ne, huda ɗaya ta isa ta mayar da aikin sabulu aikin walda.

Mu fita waje. Wannan akwatin shi ne maraya, yana bayan ɗaki ko saman katanga, ba mai waiwayarsa sai ya tsaya. Ku leƙa bayansa. Ƙura, leda, gashin kaji, busasshen ganye, wani lokaci har audugar rimi da iska ke kwasowa, duk sun manne. Zafin da aka kwaso daga ɗaki ya rasa hanyar fita, kwamfiresa ya yi ta nishi, ya ɗau zafi, ya kashe kansa. Shi ya sa za ku ga esi na sanyi da dare da sassafe, amma da azahar ta yi sai ya gaza. A kashe wuta gaba ɗaya, a zuba ruwa a hankali daga sama zuwa ƙasa, da tiyo ko buta, ana kauce wa gefen da wayoyi suke. Ban da irin ruwan nan mai ƙarfi na wurin wankin mota, yana kwantar da ƙarafan. A bar masa fili aƙalla santimita 30 a baya, gabansa kuma a buɗe. Masu yi masa keji saboda ɓarayi, na fahimce ku, amma a ce wa mai walda ya ware sandunan. Rumfa daga sama tana taimaka masa. Shanya a kansa kuwa cutarwa ce.

Sai maganar ruwa. A 1902 wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya ƙera na'urar da ake ɗauka ita ce mafarin esi na zamani, kuma ba don mutane su ji daɗi ya yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a Buruklin, cikin birnin New York, danshi ke lalata mata takarda. Har gobe esi na wannan aikin, yana tatse danshin ɗaki ya fitar ta ƙaramin tiyo. Don haka a watan Maris, da iska ta bushe ƙayau, in kun ga ba ya ɗiga sosai a waje, ba laifi ba ne. Da damina kuwa sai ya cika bokiti. Idan ruwan ya fara bin bango ta cikin ɗaki, ku bi tiyon har ƙarshensa. A gidana na taɓa samun zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin tiyon, ya liƙe shi tsaf. Da tsinke na fasa, sai ga ruwa baƙi ƙirin ya ɓalle. Wani lokaci kuma tiyon ne ya lanƙwashe, ko aka tura bakinsa cikin ruwan bokiti. Ruwan nan ba na sha ba ne, a ba shuka.

Yanzu wuta, wadda ta fi komai kashe esi a wajenmu. An ƙera shi ne don bolt 220 zuwa 240. Da yamma, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, wutar takan yi rauni, ku ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar. Kwamfiresa na gargajiya a daidai lokacin tashi yana jan ninki huɗu ko biyar na abin da yake ci in ya daidaita. In wutar ba ta kai ba, sai ya tsaya yana gurnani, wayar cikinsa na dahuwa. Ku saurara a bakin akwatin waje. In kun ji "huuum" na 'yan daƙiƙu, sai "ƙas", shiru, bayan ɗan lokaci ya sake, ku kashe shi nan take. Ko wuta ce ba ƙarfi, ko kuma kafasita ne ya mutu, wani ɗan gwangwani da ke ba kwamfiresa turin farko. In ya mutu sau da yawa kansa kumbura yake yi. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfiresa ba, saboda haka duk wanda ya ce muku kwamfiresa ya ƙone, ku ce ya fara gwada kafasita a gabanku. Amma ku kada ku taɓa shi. Yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire soket.

Sitabilaiza ta dace, amma mai ƙarfin da ya fi na esin, ba 'yar ƙaramar da ake sa wa talabijin ba. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko aka juya daga janareta, a ba shi minti 3 kafin ya tashi, matsin da ke cikin bututu ya daidaita. Yawancin na yanzu suna jira da kansu, kada ku ɗauka lalacewa ce. Esi masu inbata, wato waɗanda kwamfiresansu ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata, suna tashi a hankali, shi ya sa suka fi sauƙi ga janareta da sola, sai dai allon lantarkinsu ba ya son wasan wuta, ba ya kuma son tsaka da ƙadangare su shige masa.

To in duk an duba waɗannan, sanyi bai zo ba, nan ne ake maganar gas. Bari in ba ku abin da ya same ni.

A bazara guda sau uku aka ƙara wa esin ɗakin mahaifiyata gas. Duk zuwa sai a ɗaura silinda, sanyi ya dawo, a biya, bayan mako uku ko huɗu a koma gidan jiya. Ita kuma tsohuwa ce mai hawan jini, zafi na wahalar da ita ƙwarai, shi ya sa ban tsaya dogon tunani ba. A karo na huɗu aka haɗa ni da wani dattijo. Da ya zo bai ko sauke silinda daga babur ba. Ya ce, "Malam, a samo mini sabulu da ruwa a kofi, da soso." Ya tsuguna gefen akwatin waje, inda bututu biyu ke shiga, siriri da mai kauri. Ya nuna mini siririn ya yi farin ƙanƙara, mai kaurin kuma da ya kamata ya yi sanyi yana gumi, ɗumi gare shi. Ya shafa yatsa ƙarƙashin wani noti, ya nuna mini: maiƙo, ƙura ta manne a kai. Ya ce, "Gas ba ya fita shi kaɗai, da mai yake fita. Duk inda ka ga maiƙo, nan ne ƙofar." Ya matsa kumfa a wurin. Muka yi shiru. Sai ga ƙwai na tasowa a hankali, ya fashe, wani ya taso.

Na ce, "Baba, yanzu duk kuɗin nan a nan suka bi?" Ya ce, "A nan."

Bakin bututun ne da aka buɗa kamar bakin kakaki tun ranar da aka kafa esin, ya tsage kaɗan. Ya yanke, ya sake buɗa sabo, ya ɗaure. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin an yi a gidan ba: ya jona wani ɗan inji mai zuƙe iska, ya bar shi yana aiki, ya kashe, ya zauna yana kallon allurar agogon auna matsi ko za ta motsa. Ba ta motsa ba. Sai a lokacin ya sa gas. Wannan zuƙewar ba ƙawa ba ce. Iska da danshi in suka zauna cikin bututu suna gurɓata man kwamfiresa, su ci shi a hankali. Duk mai kafa muku sabon esi, ku tambaye shi tun a waya ko yana da wannan injin.

Ku kuma karanta takardar da ke manne a gefen akwatin waje kafin a ɗaura kowace silinda. An rubuta irin gas ɗin da nauyinsa. Tsofaffi R22 suke sha, wanda duniya ke janyewa daga gare shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cin rufin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Na baya-bayan nan R410A ne ko R32. Matsinsu ya fi na R22 nesa ba kusa ba, man kwamfiresansu ma daban ne, ba a gauraya su, ba a musanya. R32 kuma yana iya kama wuta, don haka ba a kusantarsa da walda ko sigari sai an tabbatar bututu ba komai. Ku dubi jikin silindar da idonku, lambar ta zo ɗaya da ta takardar.

Esin Hajiya dai wannan ce bazara ta huɗu tun zuwan dattijon nan, ba a sake ɗaura masa silinda ba. Ragar kawai nake zarowa duk ranar Juma'a da safe in wanke, kafin in wuce masallaci ta bushe.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. A huta lafiya.