Maganar footy da yaranmu

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa mazauna Melbon, barkanmu da sake haɗuwa.

Ni maganar footy ce ta sa na miƙe yau, ƙwallon nan mai siffar ƙwai da yaranmu suka nace mata mu kuma kullum muna ƙorafi. Watan jiya ɗana ya dawo daga tirenin ya wurgar da takalmansa bayan ƙofa, ko tuwon bai kalla ba, da ƙyar mamansa ta samu ya buɗe baki, wai wani yaro ne ya ce masa yana wari. Wallahi abin ya sosa min rai. Sai na zaunar da shi na ba shi labarin Doug Nicholls.

Ɗan asalin ƙasar nan Ostireliya ne, wato Aborijin, ƙabilar Yorta Yorta, an haife shi 1906 a Cummeragunja bakin kogin Murray. Gajere ne sosai amma fa gudu sai ka ce barewa. A 1927 ya je kulob ɗin footy na Carlton neman gurbi, masu yi wa 'yan wasa tausa suka ƙi taɓa jikinsa, kuma maganar warin nan dai ita aka jefa masa. Ya tattara ya koma Northcote suka ɗau kofi a 1929, Fitzroy ta ɗauke shi 1932 ya buga mata wasa 54 kafin ciwon gwiwa ya tsayar da shi, a 1935 ma har jihar Victoria ya wakilta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗakin canza kaya. A Fitzroy ɗin ma can lungu yake raɓewa shi kaɗai saboda abin da ya gani a baya, sai Haydn Bunton, gwarzon kulob ɗin gaba ɗaya, mutumin da ya ci lambar Brownlow, ta gwarzon ɗan wasan shekara, sau uku, ya taso ya same shi ya ja shi a jiki. Daga nan sauran suka sake da shi. Wannan mutumin da aka ƙi taɓawa shi ne ya zama gwamnan jihar Kudancin Ostireliya a 1976, yanzu kuma duk shekara AFL, babbar gasar footy ta ƙasar nan, na ware zagayen wasanni da sunansa.

To roƙona ga iyaye, don Allah kar mu cire yaran nan daga kulob da zarar an gaya musu magana, mu je mu samu koci mu yi magana ido da ido. Kuma mu riƙa zuwa kallo, sau nawa yaro zai waiga bakin fili bai ga nasa ba? Asabar mai zuwa suna da wasa da safe, motata na da gurbin mutum uku, mai so ya same ni bayan an tashi.