Birnin Liyon da ƙofofinsa: lacca ga masu shirin tafiya karatu Faransa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Shugaban zama, malamai, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma.

An ce in yi muku bayanin yadda mutum zai ga gari idan ya je zama a ƙasar waje. Ni kuwa ba zan yi maganar garin da ban zauna ba, saboda haka Liyon za mu je, ba Faris ba. Abu huɗu na rubuto a takardar nan: koguna da tudu, lunguna, abinci, sai sinima. In Allah ya yarda duka za mu taɓa.

Na farko. Liyon tana kudu maso gabashin Faransa, awa biyu daga Faris a jirgin ƙasa mai gudun nan, TGV, wanda ya fara bin wannan hanya a 1981. Koguna biyu ne suka ratsa ta, Ron da Son. Ron mai ƙarfi ne, daga tsaunukan Suwizalan yake gangarowa, Son kuwa tafiyar hawainiya yake yi. A ƙarshen gari ta kudu suke haɗuwa, kuma a bakin mahaɗar aka gina wani gidan tarihi na ƙarfe da gilashi, aka buɗe shi a 2014. Ginin nan ni bai burge ni ba, gaskiya, amma abin da ke ciki ya isa a biya kuɗin shiga. Garin tsoho ne ƙwarai. Rumawa suka kafa shi shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, a kan tudun da yanzu ake kira Furbiyer, kuma a nan aka haifi ɗaya daga cikin sarakunan Rum, Kalaudiyas. Dandalin wasanninsu na dutse yana nan har yau, ana ma yin wasa a cikinsa da zafi ya shigo.

Ku hau tudun nan a makonku na farko. Akwai ɗan jirgi da igiya ke ja, da tikitinka na metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, za ka shiga. A sama akwai katafariyar cocin da aka fara ginawa a 1872, bayan yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870. Ba sai ka shiga ba, gefenta akwai fili, daga nan gari duka yana ƙarƙashin ƙafarka. In sararin sama ya washe har dutsen Mon Bulan za ka hango, mutanen garin kuma sukan ce in ka gan shi ka nemi laima, ruwa na tafe. Amfanin hawan shi ne ka gane gabas da yamma. Ɗalibi da yawa sai ya shekara a gari bai san komai ba sai tashar metiro ta ɗakinsa da tashar metiro ta makaranta. Ƙarƙashin ƙasa ya shiga, ƙarƙashin ƙasa ya fito. Ka tambaye shi ina kogi, sai ya ciro waya. (Dariya.)

To, na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri.

A tsohon gari, da kuma ɗaya tudun da ake kira Kurwa-Rus, akwai abin da suke ce wa tarabul. Kana tafiya a titi, ga ƙofar gida ta katako, a rufe, da akwatunan wasiƙa da sunayen masu gida. Ka danna maɓalli, ka tura, ta buɗe. Ka shiga wani dogon soro mai duhu, ka faɗa tsakar gida, ga rijiya ta da, ga bene mai murɗawa, ga kayan mutane an shanya a sama. Ka wuce, wani soron, wata tsakar gidan, ka tura wata ƙofa, sai ga ka a wani titi dabam. Ta cikin gidan mutane ka bi. A wurinmu zaure shi ne iyakar baƙo, in ka wuce shi ba sallama ka nemi magana. Can kuwa hanya ce, kuma hukumar gari ta yi yarjejeniya da masu gidajen: su bar ƙofa a buɗe da rana, gari ya taimaka da shara da wuta da gyara. Ɗaruruwa ne a garin, amma wajen arba'in ne aka buɗe wa kowa. Wadda ta fi tsawo a tsohon gari tana shiga ta lamba 54 a titin San Jan, ta fita ta lamba 27 a titin Bof. Ku rubuta. Lamba 54. Malama, kin rubuta? To.

Abu guda, don Allah: mutane na zaune a ciki. Akwai allo da aka rubuta a yi shiru. Mu kuwa, Allah ya ba mu murya. In mutum uku daga nan suka shiga tsakar gidan nan suna gaisawa, ina gida, ina aiki, ina labari, ina gajiya, kafin su kai ga "sai alheri" tsohuwar hawa na uku ta leƙo. (Dariya.) Ku rage murya, ku ja ƙofa ku rufe bayanku.

Me ya sa aka yi su? Na tsohon gari, don a gangara kogi a ɗebo ruwa da kaya ba tare da dogon zagaye ba. Na tudun Kurwa-Rus kuma, saboda alharini. Nan ne labarin yake. A 1536 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba garin izinin saƙar alharini, aka jawo gwanaye daga Italiya, har Liyon ta zama cibiyar alharinin Turai. Masaƙan suna saman tudu, attajiran da ke ba su zare suna ƙasa. In masaƙi ya gama turmi, sai ya saɓa ya gangara ya kai wa attajiri, kuma alharini ba ya son ruwan sama. Sai ya bi ta cikin gidaje, daga soro zuwa soro, har gindin tudu.

Ku lura da gidajen Kurwa-Rus in kun je. Tagogi dogaye, rufin ɗaki ya kai mita huɗu. Kada ka ɗauka don ƙawa ne. Wani mutumin garin, Jozef Mari Jakar, a farkon shekarun 1800 ya ƙera wata na'ura da ake ɗorawa a saman kayan saƙa. Kafin shi, in ana son zane a jikin yadi, sai an sa yaro ya zauna yana jan igiyoyi, yana ɗaga wannan zaren yana sauke wancan, wuni guda. Jakar ya zo da katuna masu huji-huji, an ɗinke su a jere kamar sarƙa. Kowane kati layi ɗaya ne na zanen. Inda akwai huji, allura ta wuce, zare ya tashi. Inda babu, zare ya kwanta. Huji ko babu huji. 'Yan kwamfuta, ina kuke? Kun ji wani abu? Ɗaya da sifili ke nan. Baturen Ingila Cals Babej, da yake tsara injin lissafinsa, daga nan ya ɗauki dabarar katin. Saboda haka wayar da ke aljihunka tana da kaka, kuma kakan masaƙi ne. Ni wannan abin har yau yana ba ni daɗi. To, na'urar doguwa ce, ba ta shiga ƙaramin ɗaki, shi ya sa aka gina unguwa sukutum da dogon rufi. Tagogin kuma don haske, saboda ba a saƙa a duhu. Iyali na kwana a wani ɗan bene na katako a saman ɗakin, injin shi ne mai gida.

Kuma ba daɗi suke ji ba. Attajiri ne ke yanka farashi, masaƙi ya yi awa goma sha ba ya iya ciyar da gida. A watan Oktoban 1831 aka zauna gaban gwamnan yankin aka tsayar da mafi ƙarancin farashi. Attajirai sama da ɗari suka ce ba da su ba. Ran 21 ga Nuwamba masaƙa suka gangaro daga tudu da baƙar tuta, an rubuta a jikinta cewa ko dai su rayu suna aiki, ko su mutu suna faɗa. Cikin kwana uku gari ya faɗa hannunsu. Soja sun janye. Masaƙa suka riƙe birni, suka sa masu gadi a kan ɗakunan ajiyar attajiran don kada a yi wawaso. Ku ji fa, kayan mutanen da suka tashi dominsu suke gadi. A farkon Disamba gwamnati ta aiko da ɗan sarki da Marshal Sult da soja dubu ashirin, aka karɓe gari, aka soke farashin. A 1834 suka sake tashi, wannan karon aka zubar da jini sosai. Masu karatun tarihin ƙungiyoyin ƙwadago, ko'ina kuka buɗe za ku tarar da wannan tudu a shafukan farko.

Akwai wata tsakar gida a can, Kur de Boras, mai bene hawa shida a buɗe, a nan wata ƙungiyarsu take taruwa. Ku je ku tsaya a gindinsa. Hoto ba ya ɗaukarsa yadda yake. Kuma lungunan nan sun sake amfani a yaƙin duniya na biyu: masu yi wa Jamusawa tirjiya suna shiga ta wannan titi su ɓace ta wancan, ɗan sandan da ba ɗan gari ba ya tsaya yana kallon ƙofa. A Liyon ne Bajamushen nan Kulaus Barbi ya shugabanci Gestafo, 'yan sandan asirin Hitila, a gefen garin aka kama Jan Mulan, jagoran masu tirjiyar, a Yunin 1943, kuma a Liyon aka yi wa Barbi shari'a a 1987. UNESCO ta sa tsohon garin duka cikin kayan tarihin duniya a 1998.

Na uku... a'a, na nawa muke? Na ga shugaban zama yana duba agogo. To, a gurguje.

Ran 8 ga Disamba akwai bikin fitilu. Asalinsa 1852, da mutane suka jera kyandir a tagoginsu don wani mutum-mutumin Maryamu da aka kafa a kan tudu. Yanzu kwana huɗu ake yi, ana haska gine-gine, cinkoso ba a magana, sanyi kuma sai ka ji kunnenka ba naka ba ne. Ku je sau ɗaya, ya isa. Akwai lambun Tet Dor, hekta 117, da tafki da gidan namun daji, shiga kyauta, wannan na ranar da aljihu ya bushe ne.

Abinci. Za a ce muku Liyon ce hedkwatar girkin Faransa, garin shahararren mai girkin nan Fol Bokus. Haka ne. Amma ƙananan gidajen abincinsu na gargajiya, bushon, rabin abin da ke takardar alade ne, har cikin salak sai ka tarar da shi an yayyanka ƙanana. Ku tambaya kafin ku ci, ba abin kunya ba ne. Ku ƙetare kogin Ron zuwa unguwar Giyotiyer, can akwai mahauta na halal da shagunan 'yan Afirka, kuɓewa da busasshen kifi da man ja duk za ka samu. Babban masallacin gari kuma an buɗe shi a 1994, metiro layin D na kai ka kusa. A wannan layin ne kuma unguwar Monfilezir take, inda wasu 'yan'uwa biyu, Lumiyer, suka ɗauki fim ɗin ma'aikatan masana'antarsu suna fitowa daga aiki a 1895. Rumfar masana'antar na nan, titin ma sunansa titin fim na farko. To, ga sinima, na cika alkawari. (Dariya.)

Na'am, akwai tambaya? Ɗaga murya, ɗan'uwa.

(Wani ɗalibi: Malam, duk abin da ka lissafa na Turawa ne. Babu wani wuri a garin da ya shafe mu?)

Allah ya yi maka albarka. Akwai, kuma ba ya cikin takardun da ake raba wa masu yawon buɗe ido. Ka fita arewa da gari, ba nisa, akwai ƙauye sunansa Shasele. A tsakiyar gonaki za ka hango jan gini mai tsinkaye a kan katanga, irin ginin ƙasa na Mali. Ana kiransa Tata. Maƙabarta ce.

A Yunin 1940 Faransa ta riga ta faɗi a gaban Jamusawa. Ran 17 Marshal Fetan, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya nemi a tsagaita wuta, washegari aka ayyana Liyon a matsayin garin da ba za a kare ba. Duk da haka aka bar wata runduna ta sojan Afirka a arewacin gari, aka ce su tare hanya. Su ne ake kira tirayer na Senegal, amma sunan kawai ne, daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa ake ɗibarsu: Mali ta yau, Gini, Burkina, Kwaddibuwa, Benin, har da Nijar. Ran 19 da 20 ga wata suka yi faɗa har harsashi ya ƙare, suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware farare gefe, baƙaƙe gefe. Fararen aka tafi da su fursuna. Baƙaƙen aka kora su cikin wata gona, aka buɗe musu wuta daga tankoki, aka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Kwana biyu kafin a sa hannu a takardar tsagaita wuta ke nan.

Mutanen ƙauyen ne suka tattara gawawwakin suka binne, duk da an hana su. Wani jami'i mai kula da tsofaffin soja, Jan Marshiyani, ya sayi filin da kuɗinsa, aka gina maƙabartar, aka buɗe ta a Nuwamban 1942, ana tsakiyar yaƙi, har da ƙasa aka kawo daga Dakar aka zuba. Sojan Afirka ta Yamma 188 ne a kwance a ciki, da yawansu an rubuta "ba a san shi ba" a kan dutsen. A 'yan shekarun nan aka gano hotunan da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar, su suka nuna ainihin rundunar da ta yi kisan. Kowace shekara a watan Yuni ana taron tunawa da su, kuma ƙungiyoyin 'yan Afirka na Liyon sukan haɗa mota. In ka isa, ka tambayi ƙungiyar ɗaliban ƙasarku, su za su gaya maka ranar da inda ake tashi.

Akwai wata tambayar? Ƙanwata mai jan mayafi, na ga hannunki tun ɗazu, amma an ce lokaci ya yi, ki same ni a bakin ƙofa.