Gwajin kumburi a jini da haɗarin ciwon zuciya

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai da abokan aiki, akwai mutanen da ciwon zuciya ke kadawa alhali kitsen jininsu bai haura ƙima ba. Su ne suka sa na zaɓi wannan batu.

Kitse idan ya taru a bangon jijiyar jini, garkuwar jiki tana kai masa hari, wurin ya yi ta kumburi a hankali, shekara da shekaru, ba zafi ba zazzaɓi. Wannan kumburin ne ke raunana murfin kitsen har ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Duk lokacin da kumburi ya tashi a jiki, hanta tana sakin wani sinadari mai suna CRP. An gano shi tun 1930, amma sai da aka samu gwaji mai kaifi, hs-CRP, aka iya ganin ɗan ƙanƙanin tashinsa.

A 1997 Paul Ridker da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa maza masu lafiya da CRP ɗinsu ya fi yawa, haɗarin toshewar jijiyar zuciya a wurinsu ya kai ninki uku na masu mafi ƙaranci. A 2003 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka suka ja layi: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 kuwa mai yawa.

To, ku riƙe wannan da kyau, don nan ake yawan kuskure. Mura, ciwon haƙori, sanyin ƙashi, ƙiba, shan taba, duk suna ɗaga CRP. Idan kun ga ya wuce 10, ku nemi cutar da ke jikin mutum, ku sake gwajin bayan mako biyu. Sannan binciken ƙwayoyin gado ya nuna CRP hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. Amma fa wutar, wato kumburin, gaskiya ce. A gwajin CANTOS na 2017, maganin rage kumburi mai suna canakinumab ya rage aukuwar ciwon zuciya da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ya taɓa kitsen jini ba, sai dai mutuwa sanadiyyar ƙwayoyin cuta ta ƙaru.

Ni a ganina, wanda ya fi cin moriyar gwajin hs-CRP shi ne mutumin da ke tsakiya, wanda likita ke wasi-wasin ko ya fara masa sitatin, maganin rage kitsen jini. Irin su aka ɗauka a gwajin JUPITER na 2008, mutum 17,802 masu kitse daidai amma CRP 2 ko sama, kuma rosuvastatin, wani nau'in sitatin, ya rage musu haɗari da kashi 44 cikin 100. Wanda kuwa hawan jini da ciwon suga suka riga suka haɗu masa, kada ku jira sakamakon CRP kafin ku fara masa magani.