Fodkas: Ƙashin da ciwon dasashi ya cinye yana dawowa kuwa?

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Malam Nura, ga kuma Dakta Hadiza, likitar haƙori. Dakta, haƙori ya fara girgiɗa, dasashi ya ja baya. Ƙashin da ya tafi yana dawowa?

Dakta Hadiza: Yakan dawo a wasu wuraren, Bilkisu, amma sai an taimaka masa. Ciwon dasashi idan ya yi nisa yana cin ƙashi, yana cin zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashin. Ko mun buɗe mun kankare dattin tas, ramin ba ya cika da ƙashi. A 1976 wani masani a Toronto, Antony Melcher, ya bayyana dalili. Ƙwayoyin fatar dasashi suna da sauri, su ke riga kowa isa su lulluɓe saiwar. Na ƙashi da na zaruruwa kuwa nawa gare su, kafin su iso an tare wurin.

Nura: Ashe rige-rige ake yi a bakin namu.

Dakta Hadiza: Ƙwarai, Malam. Sai a 1982 Sture Nyman da abokan aikinsa, ciki har da Jan Lindhe da Thorkild Karring, suka gwada wata dabara a birnin Gothenburg na Suwidin. Suka shimfiɗa siririn tantani tsakanin dasashi da saiwar haƙorin wani majinyaci. Bayan wata 3 aka duba a madubin likita, aka ga sababbin zaruruwa sun kama saiwar.

Nura: Kamar dangar da ake yi wa dashen mangwaro saboda awaki ke nan.

Dakta Hadiza: Ka gane. Tantanin ba shi ke tsirar da komai ba, fili yake tsarewa, jiki ya yi aikinsa. Wannan hikimar har yau tana burge ni.

Bilkisu: Da me ake yin tantanin?

Dakta Hadiza: Da farko wata irin roba da ake kira Gore-Tex ake sawa, wadda ba ta narkewa, sai an sake tiyata bayan mako 4 zuwa 6 a cire. Yanzu an fi amfani da na kolajin, wani sinadari da ake samu a fata da jijiyoyin dabbobi, wanda jiki ke narkarwa da kansa. Sau da yawa kuma mukan cika ramin da garin ƙashi don kada tantanin ya lotsa.

Nura: Dakta, tsaya. Kolajin ɗin daga wace dabba?

Dakta Hadiza: Na ji daɗin tambayar nan. Tantanin kolajin mai suna Bio-Gide, da ya shahara ƙwarai, daga alade ake samo shi. Emdogain ma, wani ruwa mai kauri da ake shafa wa saiwa, daga haƙoran 'ya'yan alade ne da ba su tsiro ba. Garin Bio-Oss kuwa ƙashin saniya ne.

Nura: Subhanallahi. Mutum na kwance baki buɗe, bai san abin da aka sa masa ba.

Dakta Hadiza: Shi ya sa nake cewa wajibi ne likita ya faɗa tun kafin a fara. Hukunci na malamai ne, amma sanarwa tamu ce. Kuma akwai zaɓi. Akwai kolajin na saniya, akwai tantani da garin ƙashi da ake haɗawa a masana'anta ba dabba a ciki. Akwai ma dabarar da Joseph Choukroun ya fito da ita a Faransa wajen 2001: a ɗebi jinin majinyacin, a juya shi a na'ura, a sami dunƙulen da za a sa a ramin. Sai dai shi wannan bai kai tantani daɗewa ba.

Bilkisu: To duk mai haƙori na girgiɗa zai amfana?

Dakta Hadiza: A'a. Rami mai zurfi, matsattse, wanda ƙashi ya kewaye, shi ya fi cika. Idan ƙashin ya zaizaye bai ɗaya a duk muƙamuƙi, tantani ba zai tayar da shi ba. Mai shan sigari da mai ciwon sugan da bai daidaita ba, sakamakonsu ya fi rauni. Kuma ba ma tiyata sai dasashi ya daina jini, mutum ya riƙe buroshi ko asuwaki yadda ya kamata.

Nura: Bayan an yi fa, yaushe ake sanin ya kama?

Dakta Hadiza: Sai an yi haƙuri, Malam. Akalla wata 6 ba ma zura ƙarfen awo a wurin, daga nan mu ɗauki hoto mu kwatanta da na farko.