Gadar da Ke Tsakanin Hujja da Da'awa: Lacca a Kan Koyar da Balaga ga Zaƙaƙuran Ɗaliban Turanci

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka riga mu riƙe alli, da 'yan'uwana masu koyar da Turanci, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan yadda ake koyar da balaga, wato fasahar sarrafa magana don shawo kan mai sauraro, da rubutun kafa hujja ga ɗaliban babbar sakandare waɗanda suka yi zarra a Turanci, kuma zan ɗauko misalina daga Amurka, domin a can an mayar da wannan fanni darasi mai cin gashin kansa, da manhajarsa da jarrabawarsa.

Hukumar College Board ce take shirya darasin, sunansa AP English Language and Composition, kuma galibin masu ɗaukarsa 'yan shekara 16 zuwa 17 ne. Ana yin jarrabawarsa a watan Mayu cikin awa 3 da minti 15, inda ɗalibi zai amsa tambayoyin zaɓi guda 45, sannan ya rubuta insha'i uku. A na farko ana ba shi takardu shida a kan batu ɗaya, a ce ya ɗauki matsayi ya kare shi da aƙalla uku daga cikinsu. A na biyu ana ba shi jawabi ko wasiƙar wani, a ce ya feɗe dabarun da marubucin ya bi don shawo kan masu saurarensa. A na uku kuwa daga shi sai abin da ke kansa. Abin da nake so ku riƙe shi ne rabon maki. Kowane insha'i maki 6 ne: 1 na bayyana matsayi, 1 na zurfin tunani, sauran 4 ɗin kuma na hujja ne da sharhin da ɗalibi ya yi a kanta.

Ku kwatanta wannan da insha'in WAEC, wanda a cikin makinsa 50 ake ware 20 don iya sarrafa harshe, 10 don tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu, 10 don tsari, 10 kacal don abin da aka faɗa. Ban ga laifin hukumar ba, domin Turanci ba harshen uwa ba ne ga yaranmu, dole a auna shi. Sai dai sakamakon wannan rabo shi ne, yaron da bakinsa ya faɗa da Turanci yana iya fita da sakamako mai kyau alhali bai taɓa kafa hujja guda ɗaya da za ta tsaya da ƙafarta ba. Irin wannan yaro ya fi mai rauni wuyar koyarwa, domin an daɗe ana tafa masa. Na taɓa koyar da wata yarinya da ta cika shafi biyu da manyan kalmomi a kan fifikon makarantar kwana, na karanta har ƙarshe ina sha'awar Turancin, da na tambaye ta wane ne take son ya canza ra'ayinsa bayan ya karanta, sai ta yi shiru, domin ba a taɓa gaya mata cewa rubutu yana da wanda ake yi dominsa ba.

Malaman Amurka sukan fara da Aristotal, masanin falsafa ɗan Girka, wanda a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya raba hanyoyin shawo kan mutum gida uku: amincin mai magana, motsa zuciyar mai sauraro, da ƙarfin dalili. Ba zan daɗe a nan ba, illa in yi gargaɗi cewa ɗalibai suna saurin mayar da waɗannan uku tambarin da suke mannawa a kan kowace jimla, su ce nan marubuci ya motsa zuciya, su wuce, kamar sun gama aiki. Kuma fannin ba baƙo ba ne a wurinmu. Alfarabi da Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun yi sharhi a kan littafin Aristotal na huɗuba, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya karanci balaga ya haddace cewa ita ce dacewar magana da abin da hali yake bukata. Yaron da ya zo mana daga Islamiyya da wannan ta'arifi ya riga ya riƙe rabin darasin, saura mu nuna masa cewa yana aiki a Turanci ma.

Nassin da ya fi nuna wannan, kuma ake yawan karanta shi a ajujuwan can, shi ne wasiƙar da Martin Luther King, malamin coci mai jagorantar fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya rubuta daga kurkukun Birmingham a jihar Alabama, a watan Afrilu na 1963. Malaman addini takwas, dukansu fararen fata, sun fitar da sanarwa suna cewa zanga-zangar baƙar fata ba ta dace ba kuma lokacinta bai yi ba. King bai zage su ba. Ya kira su 'yan'uwansa a aikin addini, ya kafa musu hujja da Bulus da Agustin da Toma Akwinas, wato magabatan addinin Kirista da su kansu ba za su iya ƙaryatawa ba, kuma da yake ɗaya daga cikinsu malamin Yahudawa ne, ya kawo Martin Buber, masanin falsafa Bayahude. Da ya zo kan maganar a yi haƙuri a jira, sai ya rubuta jimla ɗaya mai kalmomi sama da 300, yana jero wulaƙanci bayan wulaƙanci, har da ranar da ya rasa yadda zai bayyana wa 'yarsa mai shekara shida dalilin da ba za ta shiga filin wasan yara ba, ta yadda mai karatu da kansa zai ƙagara jimlar ta ƙare. Ya sa su ɗanɗana jiran da suke ba da shawararsa. Ɗalibin da ya gano haka da kansa ya fahimci balaga fiye da wanda ya haddace sunayen adon magana guda talatin.

Idan aka zo ga rubutun ɗalibi na kansa, kayan aikin da na fi amincewa da shi na Stephen Toulmin ne, masanin falsafa ɗan Ingila, wanda a 1958 ya nuna cewa tsakanin da'awa da hujjarta akwai wani abu na uku da mutane kan ɓoye, ni ina kiransa gada. A ce ɗalibi ya rubuta cewa ya kamata a hana shiga aji da waya, hujjarsa kuma ita ce rabin ajinsu sun faɗi jarrabawar lissafi. Da'awa ta fito, hujja ta fito, amma gadar da ba a faɗa ba ita ce wayar ce ta kayar da su. To, idan ajin ya yi zango guda babu malamin lissafi fa? Idan waɗanda suka ci ma suna da waya fa? Da zarar an fito da gadar fili, ɗalibi zai ga ko za ta ɗauki nauyi, kuma zai koyi rage da'awarsa zuwa iyakar abin da hujjarsa za ta iya ɗauka, ya ce "galibi" a inda dā yake cewa "kullum". Waɗancan maki 4 na jarrabawar Amurka, a haƙiƙa, ladan gina wannan gada ne.

A nan ne nake da ƙorafi a kan muhawarar makarantunmu. Muna horar da yaro ya gai da alƙalai da mai kula da lokaci, ya jero dalilai biyar da murya mai ƙarfi, ya zauna, ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin maganganun abokin karawarsa ba. Ni abin da nake yi shi ne, kafin ɗalibi ya kare matsayinsa, sai ya rubuta matsayin abokin hamayyarsa da kyau har shi abokin hamayyar ya yarda cewa an yi masa adalci. Masu ƙwazo sun fi kowa ƙin wannan aiki, kuma su ne suka fi amfana da shi.

Na san wani zai ce ajinsa ya haura ɗalibai 80, ina zai sami lokacin duba irin wannan rubutu. Amsata ita ce a rage tsawon aikin. Ku ba su sakin layi ɗaya tak a mako, da'awa ɗaya da hujja ɗaya da jimla biyu ko uku na sharhi, ku ajiye jan biro a kan nahawu a wannan rana. Duk inda hujja ta tsaya babu gada, ku rubuta kalma biyu a gefen takarda, "sai me?", ku mayar wa yaron ya kawo amsar a mako mai zuwa.